Takardar jami'a da kuɗinta: tarihin wani lissafi a gundumomin Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

Tambayar da wannan maƙala za ta duba tsohuwa ce a ƙasar Tasawa da Mayahi, ko da yake kowane zamani da irin bakin da yake yin ta: shin takardar jami'a tana mayar wa gida abin da aka kashe a kanta? Masana tattalin arziki suna da hanyarsu ta ba da amsa. Sukan jera kuɗin karatu a gefe guda, su jera albashin da mutum zai ɗauka har ya bar aiki a ɗaya gefen, sannan su cire wannan daga wancan. Ba mu raina wannan lissafi ba, sai dai yana ɗauka cewa wanda ya biya shi ne wanda zai ci riba, kuma darajar takardar ba za ta sāke ba tsakanin ranar da aka sa yaro aji da ranar da ya fito. A waɗannan gundumomi biyu, tarihi ya nuna cewa ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan bai taɓa cika ba.

Tasawa da Mayahi suna cikin jihar Maraɗi. A ƙidayar 2012 kowacensu ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawan mutanen manoma ne na hatsi da dawa da wake da gyaɗa, tare da kiwo da ci-rani. Kafin 2010 duk wanda yake son karatun jami'a ta gwamnati cikin Faransanci a ƙasar nan sai ya tafi Yamai, wato tafiyar kusan kilomita 800 daga Tasawa. Idan muka ce "takardar jami'a" a nan, muna nufin lisansi (licence) da abin da ya yi sama.

2. Abin da kalmomi suke faɗa

Da yake nazarin harshe ne aikinmu, bari mu fara ta nan. Bahaushen wannan yanki yana bambanta "ya yi karatu" da "ya yi lakwal". Na farko, idan ba a ƙara masa komai ba, karatun allo da na littattafan addini yake nufi. Na biyu kuwa aro ne daga Faransanci (l'école), kamar yadda aka aro "mushe" (monsieur) aka sa wa malamin aji, aka bar "malam" ga mai allo. Ita kuma kalmar "boko", an daɗe ana cewa daga Ingilishi ta fito, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa Bahaushiyar kalma ce ta asali, mai ma'anar abin da ba na gaskiya ba, irin wadda take cikin "amaryar boko". Ke nan tun daga suna an riga an yanke wa abin hukunci.

Aikatau ya fi suna tona asiri. Tsofaffi sukan ce "an kama shi lakwal", da aikatau ɗin da ake amfani da shi ga ɓarawo ko ga wanda aka ɗauka soja. Ƴaƴansu suka koma cewa "na sa shi lakwal", kamar yadda ake sa kuɗi a adashe. Yau kuwa, a bakin iyayen da suke da ɗa a Maraɗi ko Damagaram, abin da aka fi ji shi ne "ina biya masa". Kama, sa, biya: a ganinmu waɗannan aikatau uku sun raba tarihin gida uku, da wani mugun rata tsakanin na biyu da na uku, kuma a kansu za mu bi.

3. Zamanin kamu

Tasawa ta ga Nasara da wuri, kuma ta gan shi da mugun gani. A watan Yuli na 1899 ne ayarin Voulet da Chanoine ya ƙare a kusa da Maijirgi, bayan ɓarnar da ya yi tun daga yamma. Garin ya zama mazaunin kumandan har 1927, lokacin da aka mayar da hedkwatar zuwa Maraɗi. Makarantar da mulkin mallaka ya kawo ba don amfanin manomi aka yi ta ba: ana bukatar tafinta da akawu da malamin aji da mai taimakon likita, ƴan kaɗan, kuma kumanda yakan faɗa wa sarki adadin yaran da yake so kamar yadda yake faɗa masa adadin lanho da na masu aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Saboda haka iyaye suka lissafa lakwal cikin haraji. Labarin da ake bayarwa a ko'ina cikin ƙasar Hausa ta arewa iri ɗaya ne: ana ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi almajiranci kudu, ko a kai wa dogari abin hannu don ya tsallake gida, sarakuna da dama kuma ƴaƴan barorinsu suka miƙa a madadin nasu. Olivier Meunier, wanda ya yi nazarin makarantun Maraɗi a shekarun 1990, ya nuna yadda karatun addini ya zama mafaka daga wannan kamu.

A wancan zamani ba a maganar jami'a. Ƙololuwar karatu ita ce makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama da Hamani Diori da Djibo Bakary suka fito. Amma abin lura shi ne, mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992 a Tasawa aka haife shi, a 1929. Abdou Moumouni Dioffo ya bi ta Ponty, ya wuce Faris, ya ci jarrabawar agrégation ta kimiyyar fizik a 1956, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana (ONERSOL), ya zama shugaban jami'a a 1979, ya rasu a 1991. Asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Isa. Wannan bai rage wa Tasawa komai ba, sai dai yana tuna mana cewa waɗanda suka fara nisa a boko galibi daga gidajen da suka riga suka san amfanin takarda suka fito, kuma irin waɗannan gidaje sun fi yawa a yammacin ƙasa, kusa da babban birni tun da aka ɗauke shi daga Damagaram a 1926. A ranar samun mulkin kai, a 1960, yaran Nijar da suke aji ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

4. Lokacin da gwamnati take biya, take kuma ɗauka

Daga 1960 zuwa farkon shekarun 1980, amsar tambayarmu ba ta da wuya. Sabuwar ƙasa ba ta da ma'aikata. Duk wanda ya samu birbe (brevet) yana da aiki, balle mai bak (baccalauréat). Wanda ya wuce nan gwamnati ce take ba shi bursi, ta tura shi Dakar ko Abijan ko Faransa ko Tarayyar Sobiyet. Bayan an buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, sai ta riƙa ajiye wasu a gida. Akwai tsarin da ake kira programmation: tun ɗalibi yana karatu an san ma'aikatar da za ta ɗauke shi. Kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971 kuma ya yi tsada daga tsakiyar shekarun 1970, ya sa gwamnatin Seyni Kountché ta iya riƙe wannan alkawari.

A irin wannan hali, iyayen ɗalibi ba su kashe kusan komai a matakin jami'a. Ɗalibin ma yakan rage wani abu cikin bursinsa ya aika gida lokacin shuka. Idan ya fito, ga albashi duk wata, ga fansho, ga ƙannen da zai ɗauke wa gida ya ciyar a birni. Babu sana'ar da ta kai wannan tabbas a ƙasar da damina take ci ko ta hana.

To, amma wa yake biya? Kafin yuraniyom, gyaɗa ce take riƙe da baitulmalin ƙasa, kuma daga jihohin Maraɗi da Damagaram take fitowa. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi yake da ikon fitar da ita, gwamnati kuma ita take yanke farashin da za a ba manomi. Daga cikin wannan ɗan kuɗin ne manomi yake fitar da lanhonsa da na duk baligin da yake gidansa. Ke nan manomin Korgom ko na Kanembakashe ya biya kuɗin jami'a shekara da shekaru ba tare da an taɓa ce masa kuɗin jami'a yake biya ba, kuma ɗan da aka karantar da kuɗin ba safai yake zama nasa ba. Sai da fari na 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, kuɗin yuraniyom kuma ya ba da damar sauke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, sannan nauyin ya ragu a wuyansa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa mutanen yankin ba su ruga lakwal ba duk da wannan riba. Suna da wani madubin a gabansu. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda mutanen da ba su taɓa zama a aji ba suka tara dukiya ta hanyar sayen gyaɗa da sufuri da fataucin Nijeriya, har ma'aikacin gwamnati yakan je gaishe su. Yaron da ya shiga hannun ubangida yana ɗan shekara goma sha biyu zai iya samun jarinsa kafin sa'ansa ya gama lise. Ma'aunin arziki a nan shi ne yawan mutanen da suke ci a ƙarƙashinka, kuma albashi, komai kyansa, yana da iyaka. Jami'ar Maraɗi ta ɗauki sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin, masanin kimiyyar haɗa magunguna da sinadarai, wanda ya yi ministan ilimi a zamanin Diori kuma ya shugabanci hukumar ACCT daga 1974. Amma a zamaninsa, idan aka tambayi yaron kasuwa wa yake so ya zama, sunan wani alhaji zai kira.

5. Karyewar alkawari

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya hau kan ƙasa. A 1983 aka sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, a 1986 kuma da Bankin Duniya, a kan shirin gyaran tattalin arziki. Cikin sharuɗɗan har da taƙaita ɗaukar ma'aikata.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan a kan ilimin da aka kafa hujja da shi, domin tambayar da muke yi ita ce ainihin tambayar da aka yi a Washinton. Tun shekarun 1960 Theodore Schultz da Gary Becker suka koyar da cewa karatu jari ne da ake zubawa a jikin mutum. (Littafin Becker a kan haka ya fito a 1964, shekarar da Abdou Moumouni ya buga L'éducation en Afrique, da wuya a samu littattafai biyu a kan abu ɗaya da suka yi nisa da juna haka.) George Psacharopoulos ya tattara lissafin ƙasashe da yawa ya ce ribar firamare ta fi ta jami'a nesa ba kusa ba, musamman idan aka sa abin da gwamnati take kashewa. Rahoton Bankin Duniya na 1988 a kan ilimi a Afirka ya ɗora a kan haka: a rage bursi, a sa iyaye su biya, a mayar da kuɗin firamare. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar adalci, don kuwa kuɗin ɗalibin jami'a guda zai karantar da yara da yawa a ƙauye, kuma mun riga mun ga wanda yake biya. Sai dai Paul Bennell ya nuna a 1996 cewa alƙaluman Afirka da aka yi lissafin da su ba su da inganci, Bankin kansa kuma ya sassauta matsayinsa a wani rahoto na 2000 da ya haɗa da UNESCO. Kafin nan an riga an yi aikin.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban da ƙungiyar USN ta kira suka fito daga jami'a za su tsallake gadar Kennedy, suna adawa da shirin da ake kira Projet Éducation III. Aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Wannan jini yana cikin abubuwan da suka kai ga Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Siyasa ta sāke, amma aljihun gwamnati bai sāke ba. Shekarun da suka biyo baya su ne na yajin aiki, da shekarun karatu da aka soke ɗungum (années blanches), da bursi da albashi da suke makara wata da watanni. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma 50 da take sayen faran ɗaya na Faransa ta koma 100. Littafin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi, albashi bai ninka ba, alhali mai sayar da dabbobi ko wake zuwa kudu ya samu sauƙin kasuwa.

Abin da wannan ya haifar a ƙauye ya fi abin da alƙaluma za su nuna. Iyayen da suka sa yara lakwal a tsakiyar shekarun 1970, wato na farkon da suka yi haka da son ransu bayan sun ga abin da fari ya yi wa gona da garke, su ne ƴaƴansu suka fito a daidai lokacin da aka rufe ƙofa. Sun sayi abu a kan wani farashi, aka kawo musu shi bayan shekara goma sha biyar da wani farashin. Mushen ƙauye, wanda dā ake zuwa ranto wurinsa, ya koma cin bashin tiyar hatsi wurin mai tebur. A wannan lokacin ne kuma makarantun Islamiyya da madarasoshin Faransanci da Larabci (irin wadda aka fara a Sayi a 1957) suka ƙara yawa a jihar, da kuɗin ƴan kasuwa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙin ilimi ba. Mutane ne da suka ga inda jari ya faɗi suka sāke masa wuri.

6. Zamanin biya

Dokar tsarin ilimi ta 1998 (LOSEN) ta rubuta cewa nauyin karatu ya rataya a kan gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye da sauran masu hannu. A shekarar ne kuma aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka zama ƴan kwantaragi a ƙarƙashin shirin shekara goma na 2003, a kan kuɗin da a farko bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na albashin cikakken malami ba. Da wannan araha aka cika ƙauyuka da azuzuwa, da yawansu na zana. Daga baya jami'a ma ta matso: cibiyoyin fasaha (IUT) a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008, cikakkun jami'o'i a garuruwan uku a 2010, wasu huɗu a 2014. Masu zaman kansu suka biyo, har da jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, wadda take koyarwa da Ingilishi kuma ta jawo ɗalibai da yawa daga Nijeriya. Duk da haka, wajen 2020 matasan Nijar da suke karatu mai zurfi ba su wuce wajen kashi 4 cikin 100 na sa'o'insu ba.

Yanzu bari mu yi lissafin yadda maigida a Sarkin Hausa ko Urafan zai yi shi. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, 3 a jami'a: 16 ke nan idan ba a maimaita aji ko sau ɗaya ba, kuma ba a yi shekarar da ta shiga cikin wata ba. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 7 zai fito yana da 23 a kan takarda. A zahiri sau da yawa ya doshi 27, sannan ga hidimar ƙasa (service civique) a gabansa. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za a kashe. Babban kuɗin yana can baya, a ranar da yaro ya bar ƙauye zuwa kwaleji. Dole a nemo masa mai masauki a Tasawa ko Mayahi ko wani babban gari, a riƙa kai hatsi, a yi haƙuri da aiken da za a yi ta yi masa a gidan mutane. An gina kwalejojin karkara sun rage wannan wahala, amma lise har yanzu ta gari ce. Duk malamin da ya koyar a yankin ya san cewa a nan ake zubar da mafi yawan yara, tun ba a kai ga maganar ƙwaƙwalwa ba. Ga ƴa mace abin ya fi tsanani, domin iyaye ba su sakin budurwa a gidan da ba su amince da shi ba, kuma binciken lafiya na 2012 ya nuna cewa mata uku cikin huɗu a ƙasar suna aure kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana sama da wannan. Dokar kare karatun ƴaƴa mata ta Disamba 2017 ba ta gina wa kowa ɗakin kwana ba.

Saboda haka, idan za a faɗi gaskiyar kuɗin lisansi guda a Mayahi, sai an haɗa da na duk yaran da aka kai wa hatsi shekara biyu ko uku suka dawo ba birbe, ba su iya riƙe hauya yadda ya kamata ba, ba su kuma samu ubangida a kasuwa ba. Gidan da ɗansa ya kai ƙarshe zai iya cewa ya ci riba. Gidaje da yawa da suka zuba ba su kai ba, su ba a tambayarsu.

Ta ɓangaren riba fa? Wani nazari na Claudio Montenegro da Harry Patrinos na 2014 ya juya tsohuwar magana: ya samu cewa a Afirka kudu da Sahara ribar jami'a ce ta fi ta kowane mataki, wajen kashi 21 cikin 100 ga kowace shekarar karatu. Abokan aikinmu suna son ambaton wannan adadi, mu ma muna so, tun da yana wanke sana'armu. Amma ya kamata a san cewa daga masu albashi kaɗai ake fitar da shi. Yana kwatanta mai digiri da yake da aiki da marar digiri da yake da aiki. Manomi ba ya ciki, ɗan ci-rani ba ya ciki, mai lisansin da yake zaune a fada yana shan shayi shi ma ba ya ciki. A gundumar da masu albashi ba su wuce malamai da ma'aikatan lafiya da na magajin gari da na ƙungiyoyin agaji ba, adadin yana magana ne a kan ƴan tsiraru. Aikin da ya fi samuwa ga mai lisansi shi ne koyarwa a kwaleji da kwantaragi. Wanda ya fi kuɗi shi ne na ƙungiyoyin waje, waɗanda suka cika jihar bayan yunwar 2005, amma aikinsu na wa'adi ne, yana ƙarewa ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare.

Duk da wannan, ba mu yarda da masu cewa takardar ta zama banza ba, kuma dalilinmu yana cikin gona. Ana auna darajar karatu da abin da yaro ya bari don ya yi shi. A 1965 abin da ya bari gona ce mai faɗi da kuɗin gyaɗa. Tun ƙarshen shekarun 1970 Claude Raynaut da abokan bincikensa suka nuna cewa daji ya ƙare a kudancin jihar, babu sauran saura. Tun daga nan kuma an raba gandu sau biyu ko uku tsakanin magada. Yau ɗa na biyar a gida ba gona ya bari ba. Abin da ya bari shi ne tura baro a Kano ko Legas da naira mai faɗuwa, ko hanyar Libiya da Aljeriya, ko ramin zinariya irin na Jado da aka ruga a 2014, ko na Ɗan Isa da ya rufta da mutane a Nuwamba 2021. Idan aka aza albashin kwantaragi a kan wannan ma'auni, ko da ya makara, nauyinsa ya fi yadda ƴan birni suke zato. Darajar takarda ta ragu ƙwarai daga yadda take a 1975, amma darajar abin da ake kwatanta ta da shi ta fi saurin raguwa. Wannan, a ganinmu, shi ya sa iyayen da suke zagin boko da baki suke sayar da rago su aika Maraɗi. Kuma gidaje da yawa ba su zuba duka a wuri ɗaya: ɗa guda lakwal, guda allo, guda kasuwa, guda gona, kamar yadda ake haɗa hatsi da wake a kunya ɗaya.

7. Kuɗin harshe

Akwai wani kaso na kuɗin da ba ya shiga lissafin kowa, kuma shi ya fi shafar sashenmu. Yaron Tasawa yana shiga aji da Hausa cikakkiya a bakinsa, ya tarar da karatu da lissafi cikin harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, wani lokaci ma malamin bai riƙe shi sosai ba: a jarrabawar da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Shekarun da ake maimaitawa, da yaran da ake kora a ajin farko na kwaleji, babban rabonsu daga nan yake. Ɗan ma'aikaci a Yamai ba ya biyan wannan kuɗi, ɗan manomi yana biyan sa da shekarun ransa.

Ba sabon gano ba ne. Abdou Moumouni ya nemi a koyar da harsunan gida tun 1964, taron Bamako na 1966 ya daidaita rubutun Hausa, aka kuma buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Duk awon da aka yi wa irin waɗannan makarantu ya nuna yaransu suna riga sauran iya karatu, amma suka shafe shekaru da dama ana kiransu "na gwaji". Iyaye da kansu sukan yi ɗari-ɗari da su, kuma suna da hujja: sun ga cewa babu jarrabawar ɗaukar aiki ko ɗaya da ake rubutawa da Hausa, saboda haka suka ɗauka lakwal ce ta talaka.

Kundin sabunta ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga maigidan da muka bi lissafinsa, wannan zai shiga aljihunsa ta hanya biyu kawai: idan ya rage shekarun da ɗansa yake ɓatawa kafin ya iya karatu, da kuma idan kotu da ofishin magajin gari da asibiti suka fara neman wanda ya iya rubuta Hausa su biya shi. Na farkon yana bukatar malamai da littattafai, wato aikin ɗalibanmu. Na biyun kuwa yana bukatar a sāke dokokin jarrabawa da na ɗaukar ma'aikata, kuma bak ɗin da ɗan Mayahi zai zauna wa a lise, da Faransanci ake rubuta shi.